Madubin tsakiya na motata da dattijon da ya ƙi taɓa shi da rana tsaka

Assalamu alaikum jama'a. Tun da daɗewa nike son in yi maganar wani aiki da anka yi mini nan Maradi amma na ce bari in dakata tukuna, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Yanzu wata 8 ke nan cur, madubi na nan daram inda anka aza shi, to ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi duka.

Motata Corolla ce tsohuwa, ƙirar 2006, irin waɗanda sunka sha tahiyarsu can Turai kahin su sauka Kwatano su iso hannunmu. Wata Litinin cikin watan Afrilu na aje ta gehen babbar kasuwa, ba inuwa ko ta ƙyalle, na ruhe gilasai duka ruf saboda ƙura, na shiga ciki da niyyar minti 20 amma kun san kasuwa, daga wannan rumfa zuwa waccan har azahar ta same ni can, na yi salla, sai wajen ƙarhe 3 na dawo. Ina buɗe ƙofa wani turiri ya buge ni kamar na tanderun burodi, bolan, wato sitiyari, ba ya taɓuwa, sai ga madubin tsakiya kwance bisa tablo, wato dakalin gaban mota da ke ƙarƙashin gilashi, carbina na naɗe da shi. A jikin gilashin gaba ba abin da ya saura sai wani ɗan tabo mai hurhura. Ba wanda ya taɓa motar, rana ce kawai ta yi aikinta, ga shekarun gam ɗin da ke riƙe da madubin kuma. Wanda ya san bazarar Maradi ya san waje ma digiri 42, 43 ba abin mamaki ba ne, to ina ga cikin mota ruhe, gilashi na kallon rana kai tsaye.

Gyaran farko nan bakin kasuwa anka yi shi. Wani yaro mai gyaran babura ya ce Alhaji kawo, minti biyu ne, ya aika anka sawo sufa gulu na dala 20, wato sefa 100, ya tsiyaya rabin bututun bayan ƙarhen da ke gindin madubin, ya danna madubin gaba ɗaya bisa gilashin da ke da zahi kamar kasko, ya riƙe yana hura mashi iska da baki. Na ba shi dala 100. Ya kama kam, amma ya bar wani farin dabbare kewaye da wurin kamar an zuba gishiri, kuma kwana 3 ina hanyar Tsibiri na hau wani ɗan tudun rage gudu sai ji na yi ƙwal, ya faɗo bisa giya. Ban riƙe yaron a zuciya ba, abin da ya sani ke nan.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne na biyu, don garaji ne babba mai suna, ba zan faɗi sunansa ba. Sunka ce sufa gulu wasan yara ne, su suna da gam mai bututu biyu wanda ake gauraya shi, wai har injin ana liƙewa da shi. Sunka kwaɓa shi da tsinken ashana bisa kwali, sunka lafta da yawa, ba su kankare tsohon gam ɗin ba ko kaɗan, sunka manna madubin da nauyinsa duka sannan sunka ɗaure shi da sikoci ta ko'ina, anka ce in bari har gobe. Jaka 2 na biya. Kwana 10 ya yi. Ranar da ya faɗo muna hanyar Ɗan Isa ni da ƙanena, kuma wannan karon bai faɗo shi kaɗai ba, ya ɓantaro gilashin kansa, wani ɗan ɓalli kamar farcen babban yatsa ya taho manne da ƙarhen. Wallahi gabana ya faɗi, don na san in tsaga ta hita daga nan ta bi gilashin to sai dai sabon farbiris, wato gilashin gaban duka, kuma wannan magana ce ta jaka gommai. Na koma wurinsu sunka ce ai gilashin ne ya tsufa. Ban ce komi ba na juyo.

Sai na yi mako biyu ina tuƙi ba madubin tsakiya, ina cewa ai na gehe sun isa. Ba su isa ba jama'a. A garin nan da ɗan kabu-kabu zai manne maka a baya daidai inda madubin gehe ba ya gani, adaidaita na tsayawa inda ta ga dama, ga amalanken shanu ga yara masu tallar ruwa, idonka ya saba ɗagawa sama ya duba sai ya tarar da wayam. Abin da ya tada ni tsaye wata sahiya ce ina baya-baya ƙofar gida nan unguwar Zariya, ɗiyar maƙwabcina ƙarama ta biyo bayan motar da ƴar robarta za ta sayen koko, ban gan ta ba sam, ihun uwarta ne ya sa na taka birki. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma na daɗe zaune cikin motar jikina na rawa. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Wani maƙwabcinmu direban taksi shi ya ce mini in daina yawo wurin masu injin, in tahi wurin mai gilashi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ya kwatanta mini wani dattijo da ke aikin gilashin mota kawai, yana sa farbiris, yana gyaran gilashin ƙofa da ya ƙi hawa, yana yanka madubin gehe. Rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a baya, gilasai jingine cikin katako an sa tsumma tsakaninsu, da yaro ɗaya mai taya shi.

Na isa wajen ƙarhe 1 na rana. Na yi sallama, na ce Baba sannu da aiki, retiro ne, madubin tsakiya, ya faɗo ina son a manna mini yanzu don ina da tahiya. Ya taso ya aza bayan hannunsa bisa gilashin ya ɗauke da sauri, ya karɓi madubin ya juya shi ya daɗe yana kallon gam ɗin da ya daskare a baya da ɓallin gilashin, sannan ya ce Alhaji yanzu kam ba ni taɓa shi, ko jaka 10 za ka ba ni. Ya ce ka kai ta ta kwana cikin inuwa, gobe in Allah ya kai mu ka zo da sassahe kahin rana ta ɗaga. Gaskiya na ji haushi lokacin, na ce Baba ga kuɗɗi ga aiki mi ya kawo gobe, ya ce ɗana waɗanda sunka yi maka sau biyu ai nan take sunka yi maka, ga shi ka zo wurina. Sai ya ce in bar mashi madubin ya kwana wurinsa zai raba shi da ƙarhen tun yau.

Nan ne na fara gane abin da ban sani ba duk shekarun da nike tuƙi. Ashe madubin ba shi ne ake mannawa a gilashi ba. Akwai wani ɗan ƙarhe ƙarami, bai hi dala 20 ta ƙarhe girma ba sosai, su suna ce mashi buton, shi kaɗai ake liƙawa, sai ya kama ya zauna sannan a zura ƙafar madubin a kansa. Wasu motoci da ɗan kusa ƙarami ake ɗaure ƙafar, sai da abin kwance kusa, kile alen ko ɗan turnabis, wasu kuma wani ɗan ƙarhe mai tsalle ne ke riƙe ta, turawa ake ta zame. Duk wanda ya manna maka madubi da nauyinsa gaba ɗaya tun gam bai kama ba, nauyin ne ke jan shi ƙasa tun daga minti na farko.

Washegari bayan asuba na ɗan jira gari ya waye, ƙarhe 7 saura ina wurin. Ya riga ni. Ya sa na shigar da gaban motar ƙarƙashin rumfa, na sauke gilasan ƙofa duka. Abu na farko, ya zagaya waje ya sa alama da marka a bayan gilashin daidai inda tsohon wurin yake, don in an goge ciki kar a ɓata wuri. Amma ya ce ba nan za mu mayar ba, saboda wurin ya ɓantare, gam ba ya kama rami, sai wuri mai santsi sumul, don haka ya sauko da alamar ƙasa kaɗan kamar faɗin yatsa biyu, ya sa na zauna kujerar direba yaron ya riƙe madubin a wurin, ya ce duba ka gani kana ganin gilashin baya duka? Na ce ina gani. Wannan tambayar kaɗai ba wanda ya yi mini ita a baya.

Ya kuma kwantar mini da hankali game da ɓallin. Ya ce gilashin gaba ba kamar na ƙofa ba ne da ke wargajewa kamar tsakuwa, shi biyu ne an haɗa da wata leda mai ƙarhi tsakani, abin da ya ɓalle daga na ciki ne kuma bai yi reshe ba, in dai ban watsa mashi ruwan sanyi yana da zahi ba to da sauran rayuwarsa. Ya ce gam ɗin da anka sa mini a garaji ba wai ba shi da ƙarhi ba ne, ƙarhin ne ya yi yawa kuma ya bushe ƙam kamar dutse, shi kuwa ƙarhe da gilashi in sun sha rana kowa da yadda yake buɗewa, ƙarhe ya hi saurin motsi, in abin da ke tsakaninsu ba ya ba da kai ko kaɗan to ɗaya zai ci ɗaya, kuma gilashi ne ke shan kashi. Sufa gulu kuwa ƙwaras yake, zahi da jijjigar hanya na farfasa shi.

Sai kankara. Sabuwar reza ya ɓare gabana, ya kwantar da ita ya bi gilashin a hankali har farin dabbaren nan na sufa gulu ya hita tas, ya kai minti 10 a kan wannan kawai. Buton ɗin kuma tun jiya ya kankare shi, yanzu ya shimfiɗa samfefa mai laushi bisa wani guntun gilashi ya riƙa goga bayansa a kwance har ya yi ƙyalli, ya ce in ka riƙe samfefar a hannu kana gogawa gehe zai cinye ya bar tsakiya da tudu, dole sai bisa abu mai baje. Ya riga ya sa ɗan ɗigo da marka a huskar da ke kallon direba don a san ina ne sama, don in ka liƙa shi kai ƙasa madubi ba zai shiga ba, kuma ɓamɓare shi bayan ya kama nan ne mutane ke fasa gilashi. Daga nan ya ɗauko alkol irin na farmasi da auduga mai tsabta ya goge gilashin da ƙarhen, ya ce ma yaron kar wanda ya sake sa yatsa, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Ni ma da na miƙa hannu zan nuna wani abu ya ce a'a Alhaji, hannu baya.

Gam ɗin nasa cikin ɗan kwali yake, an yi shi don wannan aikin kaɗai, har da hoton madubi a jiki. Abu biyu ne ciki. Na farko wani ruwa ne da ake shafawa a gilashi a bar shi ya sha iska kamar minti 2, na biyu ɗan bututu ƙarami kamar na maganin ido. Ɗigo ɗaya tak ya sa a tsakiyar ƙarhen. Na ce Baba wannan zai isa kuwa? Ya ce yawan gam shi ke hana shi kamawa, wannan ba iska ke busar da shi ba, sai an matse shi iska ta hita tsakanin ƙarhe da gilashi, ruwan farkon nan shi ke tada shi. Ya daidaita da alamar waje ya danna da babban yatsa, ya ce ma yaron duba agogo, minti ɗaya cur bai motsa ba bai yi magana ba. Da ya saki, ƙarhen na nan tsaye shi kaɗai.

Ya nuna mini takardar da ke cikin kwalin, an rubuta aikin ya hi kyau tsakanin digiri 10 da 24. Ya yi dariya ya ce mu nan ina muka ga 24 a watan Mayu, ko da asuba ta hi haka, shi ya sa yake neman mafi sanyin abin da Allah ya ba mu, sassahe cikin inuwa, gilashin ya kwana ya huce. In gilashi na da zahi gam ɗin na kamawa da gaggawa tun bai baje ba, sai ka ga kamar ya yi, bayan kwana kaɗan ya saki. Takardar ta ce a jira minti 15 zuwa 30 kahin a rataya madubi, shi kam ya ce awa guda, kuma da so samu ne a kwana. Na zauna munka sha shayi wurin mai shayin da ke kusa, sai wajen 8 da rabi ya zura madubin, ya ɗaure kusar a hankali ba da ƙarhi ba, ya gwada ɗan maɓallin ƙasa na dare da rana, wanda kake turawa in hitilar na bayanka ta dame ka, ya ce yau kar in bi hanyar gargada kuma in aje ta a inuwa.

Da na ɗauko carbi zan mayar inda yake sai ya riƙe hannuna, ya ce Alhaji don Allah wannan ka sama mashi wani wuri. Ni dai carbi ne mai 99 na itace da ɗan turaren mota, amma ya ce yana ganin masu rataya carbi biyu da laya da ƙaramin Alƙur'ani da kwalbar turare duk a wuya ɗaya, kowane rami ka faɗa suna lilo suna fizgar ƙarhen. Haka masu gyara madubi da hannu ɗaya suna murɗa shi kamar kan famfo, da yara da ke lilo da shi in an bar su gaba.

Jaka 3 na sefa ya karɓa, gam da aiki duka. Na so in ƙara mashi ya ce a ba yaro dala 100 ya isa. In ka haɗa da abin da na zubar a baya, da ɓallin da ya saura mini a gilashi har yau, da tun farko nan na zo da na huta.

To amma ba komi ne ya yi mini daɗi ba, kuma ya kamata wanda zai je ya sani. Wurin zama babu, benci ɗaya ne kuma rabinsa kayan aiki ne bisa, in da iyali ka zo za su sha tsayuwa. Waya kuwa kamar ba shi da ita, na kira shi sau 4 daga baya don wani abokina bai ɗauka ba, sai da munka taka. Gam ɗin ma ba kullum yake da shi ba, ya ce daga Kano ake kawo mashi ta hanyar Katsina, in ya ƙare sai ka jira, abokin nawa kwana 6 ya jira. Kuma Baba ba ya son gardama, in ka cika tambaya yana cikin aiki zai yi maka shiru, wanda bai san shi ba zai ce wulaƙanci ne, ni ina ganin hankalinsa ne ke kan abin da yake yi. Ya kuma faɗa mini da bakinsa cewa sababbin motoci masu waya a jikin madubi, masu kyamara ko na'urar ruwan sama a wurin, ba ya son taɓa su sai mai lantarkin mota na tsaye, don haka mai irin wannan motar ya tahi da shirinsa.

Wanda yake nesa, ko yake ganin zai iya da kansa, abin ba gagara ba ne in ka samu gam ɗin gaskiya a shagon kayan mota, ka ce na retiro kake so, ba sufa gulu ba ba mai bututu biyu ba. Amma ka duba kwanan watan da ke jikin kwalin, don irin wannan kaya in ya daɗe rataye a shago yana shan zahi lalacewa yake, in ka ga ruwan farkon ya bushe ko bututun ya yi tauri kar ka saya ko an rage maka. Wani iri kuma maimakon ruwa da ɗan ƙyalle mai raga yake zuwa, ana yanka shi daidai ƙarhen a sa tsakani, kowane dai ka bi takardarsa. Kuma yanzu da muke cikin hunturu shi ne lokacin wannan aiki, sanyin sahe ya yi daidai da abin da gam ɗin ke so, sai dai ƙura, ka yi shi cikin gida ko inda iska ba ta kaɗawa, ka goge ka liƙa nan take kar ka bari hazo ya sauka a wurin.

Tun daga Mayu motar ta sha sauran zahin bazara, ta sha damina da ramukan da ruwa ya haƙa cikin unguwa, na je Damagaram na dawo sau biyu ta Tasawa, wajen kilomita 240 kowace tahiya, na shiga wani ƙauye bayan Mayahi kan jar ƙasa mai gargada har haƙora na haɗuwa, madubin ko rawa ba ya yi. Na sayi abin tare rana na dala 300 ina shimfiɗawa a gilashi in zan daɗe, ina kuma barin gilashin ƙofa a buɗe kamar yatsa ɗaya in wurin da tsaro. Carbin yana cikin ɗan akwatin kusa da giya. Mako mai zuwa in sha Allah zan koma wurin Baba da madubin gehe na hannun dama, wani ɗan kabu-kabu ya tsaga mini shi jiya wajen tasha, kuma wannan karon da sassahe za ni.